Tarihin Binciken Teilhardina da Muhawarar Yaɗuwar Kakannin Birai

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun binciken wata 'yar ƙaramar dabba mai suna Teilhardina, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 56 da suka wuce, kuma tana cikin mafiya daɗewa a dangin birai. Girmanta bai wuce na ɓera ba, mafi yawan abin da ya saura nata kuwa haƙora ne da muƙamuƙai da suka zama dutse.

Matakan Bincike

A shekarar 1927 wani limamin Kirista Bafaranshe, Pierre Teilhard de Chardin, ya yi bayanin haƙoran da aka tono a Dormaal ta ƙasar Beljiyam. A 1940 George Gaylord Simpson ya ware dabbar a jinsi na dabam, ya sa mata sunan limamin. Daga baya aka sami irinta a jihar Wayomin ta Amurka. Sa'an nan a 2004 Ni Xijun da abokan aikinsa suka bayyana ƙoƙon kanta daga lardin Hunan na ƙasar Sin.

Muhawara

Nan ne fa aka sami saɓani: yaya dabba mai nauyin giram 28 ta bazu a nahiyoyi uku? A 2006 Smith da Rose da Gingerich suka ce daga Asiya ta taso, ta ratsa Turai, ta shiga Amurka ta hanyar Girinland, duk cikin shekaru kamar 25,000. Amma a 2008 Christopher Beard, bisa haƙoran da aka samu a Misisifi, ya ce ta mashigin Bering ta fara shiga Amurka kafin Turai. Tushen saɓanin shi ne lissafin shekarun duwatsun da haƙoran suka fito, domin ratar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Kammalawa

A ganinmu, abin lura shi ne inda ɓangarorin biyu suka haɗu. Kowace hanya aka bi, ta can arewa ce mai tsananin sanyi a yau, kuma dabbar bishiya ba ta ratsa ta sai da kurmi. A daidai lokacin nan zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8, dazuzzuka suka miƙa arewa. Ke nan sauyin yanayi ne ya share mata hanya, kuma tarihin birai ba ya rabuwa da tarihin yanayi.