Marisuwa ta 1918 da Abin da Ta Bari a Nijeriya

Idan muna koyar da tarihin ikkilisiya a Nijeriya, mukan wuce shekarar 1918 da sauri. Mukan ce a cikinta ne Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, shi ke nan. Amma kakanninmu ba da yaƙin suke tuna ta ba. Suna tuna ta da wata mura mai zafin zazzaɓi wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa. Turawa sun kira ta murar Sifen, ko da yake ba daga can ta fito ba. Jaridun Sifen sun sami damar ba da labarinta a fili, domin ƙasarsu ba ta cikin yaƙin. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya. A Nijeriya, inda jama'a ba su fi miliyan 18 ba a lokacin, ta ɗauke kimanin mutum 500,000 cikin 'yan watanni.

Ta teku ta shigo. A watan Agusta 1918 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mantua ya kai ta Freetown a Saliyo. Daga nan ta bi gaɓar teku zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau, sai jirgin Bida ya sauke fasinjoji masu ɗauke da ita a Legas a tsakiyar Satumba. Hukumar mulkin mallaka ta shiga bin gida gida tana neman marasa lafiya, tana feshin magani, tana keɓe mutane. Jama'a suka tsorata, da yawa suka gudu garuruwansu, suka tafi da ciwon a jikinsu. Hanyoyin da aka buɗe domin ciniki su ne suka zama hanyarta: jiragen ruwan Kogin Kwara, da layin dogo wanda ya isa Kano tun 1911, da reshensa da ya tashi daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza a Jos. Kafin shekarar ta ƙare ta game ƙasar. Magani kuwa babu, domin sai a 1933 masana suka gano ƙwayar cutar da ke kawo ta.

Abin da ya bambanta marisuwa da murar da aka saba shi ne waɗanda ta zaɓa. Mura takan fi kayar da tsofaffi da jarirai. Wannan kuwa ta fi kashe majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, da mata masu juna biyu. Mu dubi abin da wannan yake nufi a gidan da ake noman gandu, inda uba da 'ya'yansa magidanta suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Ciwon yakan bar tsoho da jikoki, ya ɗauke masu riƙe da fartanya. Ga shi kuma ta iso arewa da kaka, lokacin yankan dawa da cirar gyaɗa, aikin da ba ya jira. Ko waɗanda suka tashi daga ciwon sukan yi makonni ba ƙarfi. Kada mu manta, shekara huɗu ke nan kawai da babbar yunwar 1913 zuwa 1914, kuma yaƙi ya riga ya kwashe samari zuwa Kamaru da Gabashin Afirka, wasu soja wasu 'yan dako. Annobar ta faɗa wa mutanen da suka riga suka jigata.

Misalin da ya fi fitowa fili na yadda ta canza tattalin arziki yana kudu, a ƙasashen da ke bakin Kogin Kwara wajen Onitsha da Asaba. Masanin tarihi Don Ohadike ya yi nazarinsa a 1981. A wurin Ibo doya ce sarauniyar abinci, aikin maza ce kuma, aiki mai nauyi: a share daji, a tara tudun ƙasa, a kafa sanduna, a yi ta lura da ita har girbi. Rogo kuwa, wanda Turawan Fotugal suka kawo daga Barazil tun ƙarnuka da suka wuce, ana raina shi, ana ganinsa abincin matalauta. Da maza suka mutu, gonakin doya suka rasa masu yi, sai matan da aka bari da yara suka koma ga rogo. Ba ya neman ƙasa mai kyau, ba ya neman yawan hannu, yana iya zama a ƙasa har ranar da ake bukatarsa. Daga baya matan suka mai da shi gari suna sayarwa, suka sami kuɗin kansu da ba su da shi a dā. A ganinmu ba daidai ba ne a ɗora wannan canji duka a kan annoba, gama yaƙi da tsadar abinci da ƙauracewar maza zuwa aikin lada duk sun taimaka. Sai dai ita ce ta sa abin ya yi sauri. A wannan yankin har an raɗa wa wani rukunin sa'o'i sunan annobar, don a san su ne aka haifa a bayanta.

Yanzu mu zo ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Don a rage taruwar jama'a, hukuma ta rufe makarantu da majami'u da masallatai a wurare da dama. Ta fuskar lafiya matakin yana da dalili. Amma mu sa kanmu a matsayin sabon mai bi a ƙasar Yarbawa, wanda ya bar boka da layu domin an gaya masa akwai Mai Ceto. Ranar da mutuwa ta shigo gidansa, asibitin Bature ba shi da magani, ƙofar majami'a kuma a kulle.

A Ijebu-Ode wasu 'yan ikkilisiyar Anglika ta St. Saviour ba su daina taruwa ba, sai suka mai da addu'arsu gida. Shugabansu Joseph Shadare maƙerin zinariya ne, ba fasto ba. Wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, ta ce an nuna mata a wahayi cewa masu ciwon su dogara ga addu'a, su yi amfani da ruwan sama. Ƙungiyar ta ɗauki suna Okuta Iyebiye, wato Dutse Mai Daraja. Ta hannun David Odubanjo ta ƙulla zumunci da ikkilisiyar Faith Tabernacle ta Filadelfiya a Amurka, wadda take koyar da warkarwa ba tare da magani ba. A 1922 suka rabu da Anglika, saboda saɓani a kan shan magani da baftismar jarirai. Wannan ita ce ɗaya daga cikin saiwoyin ikkilisiyoyin Aladura, wato masu addu'a. Cherubim and Seraphim ta biyo baya a 1925, sai babbar farkawar Joseph Babalola a Ilesha a 1930, wadda daga cikinta Christ Apostolic Church ta fito.

Ɗalibanmu sukan so mu yanke hukunci a nan, mu ce wane ne ya yi daidai. Ba za mu goyi bayan ƙin magani ba; koyarwa ce da ta jawo asarar rayuka a wurare da yawa, kuma ba a cika ambatar waɗanda suka sha ruwan sama suka mutu duk da haka. Amma ba za mu wanke ikkilisiyoyin mishan ba. Sun koyar da karatu da katikisma da kyau, sun buɗe ɗakunan shan magani, sai dai ba su shirya wa mutanensu abin da za su yi sa'ad da ba fasto, ba ginin sujada, ga gawa a ɗaki. 'Yan majalisa da malaman makaranta da mata ne suka cike wannan giɓi, da aka sake buɗe ƙofofi kuma ba su yarda su koma benci su zauna shiru ba. Mu da muka ga an rufe majami'u a Maris 2020 saboda korona mun san kaɗan daga wannan: wasu membobinmu sun sami wurin addu'a a waya ko a falon maƙwabci, har yau ba su dawo ba.

Layin dogon da ya kawo marisuwa arewa shi ne kuma ya kawo waɗannan ikkilisiyoyi bayan 'yan shekaru, ta hannun akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa Yarbawa da suka zauna a Kaduna da Jos da Sabon Garin Zariya da na Kano. Fasto da aka tura ɗaya daga cikin garuruwan nan yau zai iske su maƙwabtansa ne, masu fararen riguna da waɗanda ba sa sawa, wani lokaci katanga ɗaya ce tsakaninsu.