Igiyar jan kare: tsawon da ya dace da abin da ake yin ta da shi

A birane da dama na Turai da Amurka, fita da kare bainar jama'a ba tare da igiya ba laifi ne da ka iya jawo tara.

To amma ba kowace igiya ce ke biyan buƙata ba. Idan ta cika tsawo, kare kan isa ga yaro ko ya faɗa gaban mota kafin mai shi ya ankara. Idan kuma ba ta da ƙwari, takan tsinke a daidai lokacin da karen ya zabura.

Abin da doka ta tanada

A Ingila da Wales, wata doka ta shekarar 2000 da ta bai wa jama'a damar yawo a wasu filayen karkara ta ce dole a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga ranar 1 ga watan Maris zuwa 31 ga watan Yuli. A wannan lokaci ne tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa suke kwanci.

Dokar ta kuma wajabta irin wannan gajeriyar igiya a kowane lokaci na shekara, muddin ana kusa da dabbobin kiwo. Tun a 1953 Birtaniya ta haramta barin kare ya kori tumaki ko shanu, kuma wata doka ta 1971 ta bai wa manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar hana shi.

Akwai kuma karnukan da aka tsananta wa. Daga ranar 31 ga watan Disambar 2023, duk mai kare nau'in XL Bully a Ingila da Wales ba zai fita da shi ba sai da igiya da kuma takunkumi a baki.

A Amurka ma, birnin New York ya ƙayyade cewa igiyar ba za ta wuce ƙafa 6 ba, watau kimanin mita 1.8. Haka ƙa'idar take a gandayen daji na gwamnatin tarayya.

Kowane wuri da tsawonsa

Dalilin da ya sa dokokin suka tsaya a kusan mita 2 shi ne, tsawon ya ishi kare ya sunsuna ƙasa ya yi bayan gida a gefen hanya, amma bai kai ya kuɓuce wa mai shi ba. Da taku ɗaya ko biyu mutum zai iya kai hannu ga karensa.

A wurin cunkoso, kamar tashar jirgin ƙasa ko asibitin dabbobi, an fi amfani da gajeriyar igiya wadda ba ta kai mita 1 ba, domin kare ya tsaya daf da ƙafar mai shi.

Masu horar da karnuka kuwa kan yi amfani da doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10 wajen koya wa kare amsa kira. Wurinta shi ne fili mai faɗi, nesa da titi.

Igiya mai naɗe kanta

A 1973 wani Bajamushe, Manfred Bogdahn, ya ƙirƙiro igiyar Flexi, wadda ke fita daga cikin wani ɗan akwatin roba ta kuma koma da kanta. Wasu kan kai mita 5, wasu mita 8.

Ta samu karɓuwa saboda tana sakar wa kare mara. Sai dai karen da ya yi nisan mita 8 ya riga ya samu tazarar gudu, kuma ƙarfin fizgar da zai yi idan igiyar ta ƙare na iya kayar da mai shi ko ya ji wa wuyan karen rauni.

Siririn zarenta kan yanki yatsa ko ya ƙona fata idan aka cafke shi yana gudu. Haka nan takan koya wa kare cewa ja shi ne hanyar samun ƙarin tazara, don haka ba ta dace da karen da bai gama samun horo ba.

Fata, nailan ko sarƙa

Igiyar nailan ita ce ta fi yawa a kasuwa. Tana da araha, ba ta da nauyi, kuma ana wanke ta. Aibinta shi ne tana ƙuna a tafin hannu idan kare ya fizga, kuma kwikwiyo mai son tauna ba ya daɗewa yake cinye ta.

Igiyar fata ta fi tsada, amma ta fi daɗin riƙo, kuma tana ƙara laushi da amfani. Tana buƙatar a riƙa shafa mata mai, domin ruwa da zafin rana kan busar da ita ta tsattsage.

Sarƙa ba ta taunuwa, shi ya sa ake zaɓar ta ga kare mai cin igiya. Amma tana da nauyi ga ƙaramin kare, tana iya karya haƙori, kuma takan yi zafi idan ta daɗe a rana.

Akwai kuma igiyar da aka lulluɓe da roba, irin su BioThane, wadda ba ta shan ruwa ba ta kuma riƙe wari. Ta dace da damina da wuraren taɓo.

Faɗin igiya ya kamata ya bi girman kare: kimanin santimita 1 ga ƙarami, santimita 2 ko fiye ga babba. Sau da yawa ba igiyar ce ke fara lalacewa ba, ƙugiyar ƙarfen da ke bakinta ce ko kuma ɗinkin da ke riƙe da ita. Su ya kamata a duba kafin a saya.

Wuya ko ƙirji

Idan za a maƙala igiya a abin wuya, a tabbata yatsu biyu na iya shiga tsakaninsa da wuyan karen. Kare mai yawan ja, da kuma nau'o'i masu gajeren hanci da ke fama da numfashi, sun fi samun sauƙi da ɗamarar ƙirji, wadda ba ta matse maƙogwaro.

Igiyar zarge tana ƙara shaƙewa ne gwargwadon yadda kare ya ja, saboda haka ba a barin kare da ita shi kaɗai.

Hannun mai riƙo

Ba kare kaɗai ke jin rauni ba. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa daga 2001 zuwa 2020 manya fiye da 420,000 ne aka kai sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da suka ji suna jan kare da igiya. Karayar yatsa, rauni a ka da targaɗen kafaɗa su ne kan gaba.

Don haka ake gargaɗi kada a nannaɗe igiya a yatsu ko a wuyan hannu, kada kuma a bar yaro ya riƙe karen da ya fi ƙarfinsa.

Akwai lokacin da sakin igiyar ya fi riƙe ta. Ƙa'idojin yawo a karkarar Ingila sun shawarci wanda shanu suka biyo da ya saki karensa, domin kowannensu ya fi samun damar tsira.

Inda ake fama da haukan kare

A Najeriya da Nijar, inda aka fi ajiye kare don gadi, farauta ko kiwo, batun igiya ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Karen da ke riƙe ba ya cuɗanya da karnukan da ke gararamba, ba ya kuma bin yara a lungu. Amma igiya ba ta maye gurbin allurar rigakafi.

Ɗaure kare dare da rana a gajeriyar sarƙa shi ma yana da illa, domin yana ƙara masa faɗa. Idan ɗaurin ya zama dole, sai a ba shi tsawon da zai kai ga inuwa da ruwan sha, da ƙugiya mai juyawa don kada igiyar ta murɗe, a kuma nisanta shi daga katangar da zai iya tsallakewa ya rataye.

Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti ba tare da jiran alamun ciwo ba.