Tarihin Rinin Siliki na Kayan Ɗaki a Japan

Rinin kariya shi ne a tsare wani sashe na ƙyalle kada rini ya kama shi, ko da ɗauri, ko da kakin zuma, ko da ƙullun shinkafa. Wanda ya taɓa ganin ɗaurin marinan Ƙofar Mata ya san tushen abin. Yawancin littattafai kan rigar kimono suke tsayawa, kayan ɗaki kuwa sai a ambace su a gurguje, alhali daga cikin misalai mafi daɗewa akwai na ɗaki.

A shekarar 756, Sarauniya Komyo ta miƙa kayan mijinta marigayi Sarki Shomu ga haikalin Todaiji da ke Nara, aka adana su a taskar Shosoin. A taskar akwai allunan raba ɗaki masu naɗewa, da aka lulluɓe da siliki. Ɗaya mai hoton rago a ƙarƙashin itace, da kaki aka fitar da zanensa, yana kuma ɗauke da rubutun shekarar 751. Hanyoyi uku aka sani a zamanin: ɗauri, da kaki, da matse ƙyalle tsakanin katako biyu masu sassaƙa. Bayan zamanin Nara hanyar kaki da ta katako suka dushe, ɗauri ya ci gaba, shi ne yau ake kira shibori.

A 1683 gwamnatin Tokugawa ta haramta ɗaurin kanoko mai ɗigo-ɗigo a kan tufafi, wai almubazzaranci ne. A wannan tsakanin ne salon yuzen ya yi tashe a Kyoto: a zuba ƙullun shinkafa a mazurarin takarda, a ja layi siriri kamar zare, a cika tsakani da launi, a turara, sannan a wanke a ruwa mai gudu. Ana danganta shi da Miyazaki Yuzensai, mai zanen maficai. Cewa shi ya ƙirƙiro shi ƙari ne, don an riga shi rini da ƙullu. Zanensa ne ya shahara har sunansa ya bi sana'ar.

Silikin yuzen ya shiga gida ta hanyar fukusa, mayafin rufe kyauta, da kuma labulen amarya na yankunan Kaga da Noto. Iyayen amarya ke ba da labulen da tambarin gidansu, a rataye shi a ƙofar ɗakin ibadar gidan ango, ta ratsa ta ƙarƙashinsa ranar biki, daga nan a naɗe a ajiye. Garin Nanao na da gidan tarihi na waɗannan labulaye. Talaka dai auduga da baba ya samu, da su ake masa labulen ƙofa da murfin katifa.

Rinin zamani ya shigo daga Turai a ƙarni na 19, wani marini mai suna Hirose Jisuke ya gauraya shi da ƙullu, aiki ya yi sauri. Wankin yuzen a kogin Kamo na Kyoto kuma an daina shi a shekarun 1970 saboda gurɓatar ruwa.