Ta'aziyya

ta'aziyya (suna, tamata, daga Larabci)

1. Gaisuwar da ake kai wa waɗanda aka yi wa rasuwa. A Zauro da sauran garuruwan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, maza kan zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a cikin gida, maƙwabta na aiko da tuwo da kunu. Mai zuwa ya ce, "Yaya haƙuri?" a amsa masa, "Haƙuri da godiya." Galibi kwana 3 ake yi.

2. Lallashi da ba da baki bayan an watse. Matar mamaci na takaba wata 4 da kwana 10, kuma a nan ne kaɗaici ya fi cin rai, don haka goggo ko aminiya kan riƙa leƙo ta.

Idan baƙin ciki ya hana barci da cin abinci, dangi na iya neman likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin tarayya na Kware, jihar Sakkwato.

*Misali:* Mun je Ambursa ta'aziyya.

*Duba:* jaje, makoki, dangana.