Diyyar Ma'aikaci da Tsare Shi daga Hatsari: Nazari a kan Dokar 2010 ta Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, ta auna ta da dokar da ta gabace ta, da tsarin Jamus, da hukuncin aƙila a fiƙihun Malikiyya. Abin da take kafa wa hujja shi ne, dokar ta kyautata hanyar biyan diyya, amma ta bar sha'anin hana hatsarin a hannun wata tsohuwar doka wadda ƙarfinta ya daɗe da ƙarewa.

Asalin mas'alar

A farkon zamanin injuna a ƙasashen Turai, ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu ba ya samun ko anini sai ya tsaya gaban alƙali ya tabbatar da sakacin ubangidansa, alhali kuwa shaidunsa duka barorin wannan ubangida ne, waɗanda ba mai son ya buɗe baki ya rasa abincinsa. A shekarar 1884 Jamus, a ƙarƙashin Bismarck, ta kawar da wannan sharaɗi, ta tara masu kowace sana'a cikin ƙungiya guda, ta wajabta musu zuba kuɗi a asusu, ta kuma ba ƙungiyar ikon shimfiɗa ƙa'idojin kariya da aika masu duba bin su. Ingila ta biyo baya a 1897, sai dai ita ta ɗora lamunin a wuyan kowane ubangida shi kaɗai. Wannan hanya ta biyu Nijeriya ta gada, ta kuma riƙe ta har a dokar soja ta 1987, wadda ta yanka wa iyalin mamaci albashin wata 42 a dunƙule, wanda ya nakasa ɗungum kuma na wata 54. In kuɗin ya ƙare shi ke nan, in kuwa kamfanin ya riga ya karye, kamar yadda masaƙun Kakuri da yawa suka yi, to, sai haƙuri.

Dokar 2010 da kamanninta da aƙila

Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na 2010 ta soke wancan tsari, ta kafa asusu guda a hannun hukumar NSITF, inda kowane ubangida, gwamnati ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata, ba tare da ya yanki komai daga haƙƙin ma'aikaci ba. Daga wannan asusu ake biyan wanda ya nakasa ɗungum kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata, haka kuma matar mamacin da ya bar 'ya'ya biyu ko fiye. Har hatsarin hanyar zuwa aiki da cutar da sana'a ke haifarwa an shigar da su. Sojoji ne aka keɓe.

Duk wanda ya karanci babin diyya a Risala ko Muhtasar ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin fuƙaha'unmu sun daɗe da hukunta cewa diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, ba a ɗora ta kan mai laifin shi kaɗai, aƙilarsa, watau danginsa na wajen uba, ce ke ɗauka, ta biya cikin shekara uku, don kada jinin wani ya tafi a banza saboda talaucin wani. Har ma an ruwaito cewa Halifa Umar ya mayar da wannan nauyi kan mutanen diwani, watau waɗanda rajistar albashi ɗaya ta haɗa, ko da babu dangantakar jini. Amma fa ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba: diyyar shari'a ƙayyadaddiya ce, ba ta duba arzikin mamaci, ita kuwa ta doka albashi take bi, ta yadda ran lebura ya fi na manaja araha, sa'an nan aƙila ba ta ɗaukar laifin ganganci, alhali asusun nan yana biya ko da ubangida ya san injinsa ba shi da murfi.

Inda illar take

A nan ne, a ganina, babbar illar ta ɓuya. Muddin banki da majemar fata suna zuba kashi ɗaya iri ɗaya, to mai banki ne ke ɗauke wa mai majema nauyinsa, kuma ubangidan da ya kashe kuɗi ya sayi safar hannu da takalmin roba bai ga wata riba da ya ci a kan wanda ya ƙi ba. Dokar kanta ta hango haka, shi ya sa ta sanya wannan kashi na shekara biyun farko, ta ba hukumar ikon karkasa sana'o'i gwargwadon hatsarinsu daga baya, kamar yadda Jamusawa suke yi. Sai dai karkasawa ba ta yiwuwa sai da lissafin hatsari amintacce, shi kuwa lissafin daga bakin ubangida yake fitowa, wanda aka ba kwana 7 ya kai rahoton abin da ya fi so a binne.

Duba masana'antu kuma yana hannun sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago, bisa Dokar Masana'antu ta 1987, wadda tarar da ta yanka wa mai masana'antar da saɓa ƙa'idarsa ya jawo mutuwa ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin shekara biyu. A yau wannan kuɗi ba ya sayen takalmin kariya ƙafa ɗaya. Mai biyan diyya daban, mai hukunta sakaci daban, kowa da ofishinsa.

A ɗauki leburan yini a majemun Chalawa ko Sharaɗa, wanda ke tsoma hannu cikin ruwan farar ƙasa da sinadarin jima daga safe har la'asar, fatar yatsunsa ta tsattsage, ƙirjinsa na kuka da dare. Doka ta kira shi ma'aikaci, ta ba shi kwana 14 ya sanar da ubangidansa, da shekara guda ya nemi haƙƙinsa, da Kotun Ƙwadago ta Ƙasa in an hana shi. Amma ɗan kwangila ne ya kawo shi, a hannu ake biyansa, sunansa ba ya cikin takardar albashin da aka lissafa kashi ɗayan a kanta, ciwon ƙirjin kuma ba ya bayyana sai bayan shekaru, lokacin da ya koma ƙauye, mai gadin da ya san fuskarsa ma ya bar aiki. Masu haƙar zinari na Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a shekarar da aka yi dokar, ba su da ma ubangidan da za a nemi kashi ɗaya a wurinsa.