Kerekou, Hawainiyar Kwatano

A da, da yawa daga kayan da ke shigowa Illela ta Birnin Ƙonni daga tashar jiragen ruwan Kwatano suke tasowa, su bi ta Malanville, su haye Kwara zuwa Gaya da Dosso. Shi ya sa 'yan kasuwar garin suka san sunan Mathieu Kerekou tun kafin su ji wani abu wai shi gurguzu.

An haife shi a 1933 a Kouarfa, can arewacin Dahomey. Soja ne, ya yi dogarin shugaba Hubert Maga, sannan ya ƙwace mulki ranar 26 ga Oktoba, 1972. Sai da ya shekara biyu a kan kujera kafin ya shelanta cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Markisanci, a 1975 kuma ya sauya mata suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Bankuna da cinikin man fetur suka koma hannun gwamnati, jam'iyya ɗaya tilo ta rage. Ministan cikin gida, Kyaftin Michel Aikpe, an bindige shi a watan Yunin 1975. Bayan sojojin hayar Bob Denard sun kai wa Kwatano farmaki a Janairun 1977 sun sha kashi, mulkin ya ƙara tsanani. Ɗalibai da malamai da 'yan ƙwadago da yawa sun ƙare a sansanin Segbana, dab da iyakar tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma cikinsu har da 'yan gurguzu na gaske waɗanda suka ce nasa na baki ne. Ina ganin sun fi shi gaskiya.

Abin da ke ciyar da ƙasar kuwa fataucin Najeriya ne. Da Janar Buhari ya rufe iyakoki a 1984, kasuwar Illela ta yi sanyi, baitulmalin Kerekou ma ya ji a jikinsa. Zuwa 1989 bankuna sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, yajin aiki ya gama gari. A Disamba Kerekou ya ajiye aƙidar Markisancin.

Mutanensa suna kiransa Hawainiya, shi ma bai ƙi sunan ba. A Fabrairun 1990 taron ƙasa ƙarƙashin babban limamin Katolika Isidore de Souza ya karɓe ikon daga hannunsa. Sojoji na nan, bindigogi na nan, amma ya amince. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake kariyar da aka ba shi daga tuhuma ta hana waɗanda aka azabtar a Segbana ganinsa gaban alƙali. Nijar ma ta kira nata taron ƙasar a 1991, shekarar da Nicephore Soglo ya kayar da Kerekou a zaɓe.

Ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996, ya sauka a 2006. Ya rasu a Kwatano ranar 14 ga Oktoba, 2015.