Daga Mako Zuwa Wata: Waiwaye a Kan Watan Tarihin Baƙar Fata a Amurka

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara ƙasar Amurka kan keɓe wasu watanni domin tunawa da tarihi da al'adun al'ummomin da suka haɗu suka gina ta. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Fabrairu, watan tarihin baƙar fata. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalin wannan wata, tare da nuna cewa ba domin shagali aka ƙirƙiro shi ba, an ƙirƙiro shi ne domin gyara abin da ake koya wa ɗalibai a aji.

2.0 Carter G. Woodson da Makon 1926

An haifi Carter G. Woodson a jihar Virginia a 1875, kuma iyayensa 'yantattun bayi ne. Ya yi aikin haƙar kwal kafin ya sami shiga makarantar sakandare yana ɗan shekara kusan 20. A 1912 ya sami digirin digirgir daga Jami'ar Harvard, ya zama baƙar fata na biyu da ya cim ma haka, bayan W.E.B. Du Bois.

Abin da ya dami Woodson shi ne yadda littattafan tarihi na makarantun Amurka suka yi shiru game da baƙaƙe, in kuma sun ambace su, to a matsayin bayi kawai. Don haka a 1915, a birnin Shikago, ya kafa ƙungiyar nazarin rayuwa da tarihin baƙaƙe, a 1916 kuma ya fara fitar da mujallar bincike. Da ya lura cewa mujallar masana ba ta kaiwa ga malamin firamare, sai a 1926 ya ƙaddamar da makon tarihi. Ya zaɓi mako na biyu na Fabrairu saboda a cikinsa ne baƙaƙe suka saba tunawa da haihuwar Abraham Lincoln, ranar 12 ga wata, da ta Frederick Douglass, ranar 14. Wato dai ya ɗora sabon gini ne a kan tsohon harsashi. Ƙungiyar kan rarraba wa malamai hotuna da ƙasidu da tsarin darasi, domin a ganin Woodson makon lokacin baje kolin karatun shekara ne gaba ɗaya.

3.0 Faɗaɗa Makon Zuwa Wata

Woodson ya rasu a 1950, bai ga makon ya zama wata ba. A 1969 ɗalibai baƙaƙe na Jami'ar Kent State suka kawo shawarar, aka kuma fara aiwatarwa a can a 1970. A 1976 Shugaba Gerald Ford ya amince da watan a hukumance.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin harshe. Makon 1926 yana ɗauke da kalmar "Negro", watan 1976 kuwa ya ɗauki kalmar "Black", wadda matasan gwagwarmayar shekarun 1960 suka rungume bayan an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin zagi. Ita ma ƙungiyar Woodson a yau "African American" ne a cikin sunanta. Ashe ke nan tarihin watan ya haɗa da tarihin yadda al'umma ta ƙwaci ikon raɗa wa kanta suna.

Daga nan sai tsarin ya bazu. An ware Maris ga tarihin mata a 1987. Makon masu asali da ƙasashe masu jin Sifaniyanci, wanda aka fara a 1968, ya zama wata a 1988. Nuwamba ya zama na 'yan asalin ƙasar a 1990. A Ingila kuwa wani ɗan Ghana, Akyaaba Addai-Sebo, ya jagoranci fara bikin a Landan cikin Oktoban 1987, sannan majalisar dokokin Kanada ta amince da Fabrairu a 1995.

4.0 Muhawara

Suka ga waɗannan watanni ta kasu gida biyu. Wasu daga cikin baƙaƙen, kamar ɗan wasan fim Morgan Freeman a 2005, na ganin cewa tattara tarihin al'umma cikin wata guda tauye shi ne, tun da tarihinsu ɓangare ne na tarihin Amurka. Wasu kuma na ganin watannin suna raba kan ƙasa. A kan wannan hujja ce Ma'aikatar Tsaron Amurka ta hana amfani da lokaci ko dukiyar hukuma wajen bikinsu a Janairun 2025.

5.0 Kammalawa

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa suka ta farko ba ta yi nisa da tunanin Woodson ba, domin burinsa shi ne tarihin baƙaƙe ya shiga manhaja har a daina buƙatar mako na musamman. Saboda haka ma'aunin nasarar watan yana cikin littafin da ɗalibi ke riƙe da shi tun daga Maris har zuwa Janairu. Muddin wannan littafi bai cike giɓin da Woodson ya gano a 1915 ba, to dalilin kafa makon 1926 yana nan daram.